Yadda ake zagaya lambunan Fulorans ba tare da hawan tudu sau biyu ba

Fulorans, babban birnin yankin Toskana a tsakiyar Italiya, a cikin kwari yake zaune. Kogin Arno ya ratsa shi, tuddai sun yi masa zobe. Gidajen tarihi da majami'u da kasuwanni duk a shimfiɗe suke a ƙasa, amma lambunan da suka yi suna a jikin tudu aka yanka su, galibi a tsallaken kogi ta kudu. Abu biyu ne ke ɓata wa baƙo ziyararsu: zuwa a watan da ba nasu ba, da shiga ta ƙofar da za ta sa ya hau tudu ɗaya sau biyu ko uku. Duk shirin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun ya ginu.

A allon tasha da kan tikitin jirgi, Firenze, sunan birnin da Italiyanci, za ka ga an rubuta. Babbar tashar ita ce Santa Maria Novella. Jirgin ƙasa mai sauri yana kawo mutum daga Rum cikin kusan awa ɗaya da rabi, daga Milan kuwa kusan awa biyu. Daga filin jirgin saman birnin, tiram mai lamba T2 ne ke shigowa gari. Kada ka ɗauki hayar mota don wannan yawon. Tsakiyar birnin yanki ne da ake kira ZTL, an kafa kyamarori a kowace mashiga, motar da ba ta da izini ta shiga tara ce ke biyo mai ita har gida bayan watanni.

Watan da ya dace

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu ne lambunan ke cika ido. Furen glicine, wata shuka mai yaɗo a kan rumfa, na lambun Bardini yana buɗewa wajen tsakiyar Afrilu, kuma bai cika wuce mako biyu ba. Lambun furen iris ana buɗe shi ne kusan daga 25 ga Afrilu zuwa 20 ga Mayu kawai, sauran shekara a rufe yake. Wardi kuwa a watan Mayu yake kai ƙarshen kyansa. Wanda ke son ya haɗa ukun a tafiya ɗaya ya nufi makon ƙarshe na Afrilu, ko da yake a shekarar da ɗumi ya shigo da wuri zai iya tarar da glicine ya fara zuba.

Yuli da Agusta kuwa a yi hattara. Zafi yana wuce digiri 35 sau da yawa, kuma da yake birnin a kwari yake, iska ba ta ratsawa, gumi ba ya bushewa a jiki. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maraɗi kada ya raina shi, domin wancan busasshe ne, wannan kuwa mai danshi ne, ga shi za a sha shi ana hawan tudu. Akwai kuma sauro mai zanen fari da baƙi wanda da rana tsaka yake cizo, ya fi yawa kusa da tafkuna da cikin shinge. Ka shafa maganin sauro kafin ka shiga. Satumba da Oktoba suna da daɗin tafiya, furanni sun ragu amma tukwanen lemo suna waje. A hunturu ana kwashe lemon zuwa ɗaki, ana rufe ƙofa da wuri, sai dai tsarin lambun ya fi fitowa sarai, kuma babu cunkoso.

Agogon Italiya daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi. Daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba suna gaba da awa ɗaya.

Boboli: tikiti da lokaci

Lambun Boboli shi ne uban tafiya. Yana bayan fadar Pitti, wadda Eleonora ta Toledo, matar Cosimo na Ɗaya na gidan Medici, masu mulkin birnin a lokacin, ta saya a tsakiyar ƙarni na 16. Niccolò Tribolo ne ya zana tsarin farko, ya rasu a 1550 aiki bai yi nisa ba, sai Ammannati da Buontalenti suka ɗora. An fara barin jama'a shiga a 1766. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya tare da gidajen gona 12 na Medici da lambun Pratolino.

Ana buɗewa da ƙarfe 8:15 na safe. Rufewa tana bin tsawon yini: 4:30 na yamma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, 5:30 a Maris, 6:30 a Afrilu da Mayu da Satumba, wajen ƙarfe 7 daga Yuni zuwa Agusta. Ana daina shigar da mutane awa ɗaya kafin rufewa. Ranar da ta fi kama baƙi ita ce Litinin: a rufe yake Litinin ta farko da ta ƙarshe a kowane wata, haka nan ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu. Idan aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi ana rufe shi ba shiri, saboda tsofaffin bishiyoyi na iya karya reshe a kan mutane. Don haka kada ka bar Boboli sai ranarka ta ƙarshe a birnin.

Tikitin lambun kaɗai ya daɗe a wajen yuro 10 ga babba. Hukumar gidan tarihin Uffizi ce ke kula da shi, a shafinta na intanet ake saye. Shafukan 'yan kamasho da ke fitowa a saman bincike suna ƙara kuɗi mai yawa a kan tikiti iri ɗaya. Lokacin saye ka zaɓi wanda ya haɗa da lambun Bardini, domin hanyar da za a bayyana nan gaba can take ɓullewa. Lahadin farko na kowane wata shiga kyauta ce, amma layin ranar yana cin lokacin da ya fi kuɗin daraja.

Hanyoyin ciki tsakuwa ce, wasu da gangara mai tsanani. Takalmi mai santsin ƙasa ko mai tsini zai wahalar da mai shi, keken jarirai mai ƙananan tayoyi yana kafewa, keken guragu kuwa sai da mai turawa mai ƙarfi, shi ma a ɓangaren ƙasa. Ka shigo da gorar ruwa. Ba a shiga da keke, kuma ba wurin baje tabarma a ci abinci ba ne.

Hanyar da ke hawa sau ɗaya

Yawancin baƙi da sun shiga ta fadar Pitti sai su miƙe sama kai tsaye, su kai ƙololuwa, su gangara ta ɗaya gefen har tafkin ƙasa, sannan su ga sai sun sake hawowa kafin su fita. A nan ƙarfi ke ƙarewa. Ka juya tsarin: ka gama da ƙasa tukun, ka hau sau ɗaya, ka fita ta sama.

Ka shiga ta Pitti da an buɗe. Fara da kogon Buontalenti, wanda ke gefen fadar ta ɓangaren tsohuwar gadar Ponte Vecchio. An gina shi tsakanin 1583 da 1593, kogo ne na hannu, an lulluɓe bangonsa da duwatsu masu kama da narkakkiyar laka, a cikinsu siffofin tumaki da makiyaya suna fitowa sai an ƙura ido. A kusurwoyi huɗu na ɗakin farko akwai kwafin mutum-mutumin bayi da Michelangelo bai gama sassaƙawa ba. Na asalin sun zauna a nan har farkon ƙarni na 20, yanzu suna gidan tarihin Accademia. Ba kullum ake barin shiga ciki ba, sau da yawa ta bayan ƙofar ƙarfe ake leƙe, don haka ka tambayi mai gadi ko akwai lokacin buɗewa a ranar. Daf da kogon ne dogon lungun sama na Vasari ke sauka, wanda aka gina a 1565 don masu mulki su taso daga tsohuwar fada zuwa wannan ba tare da sun taka titi ba.

Daga nan ka zagayo bayan fadar, inda filin kallo mai siffar kofaton doki yake. Ramin da aka haƙi dutsen ginin fadar ne aka mayar da shi dandalin wasa. A tsakiya akwai ginshiƙin dutse na Masar daga zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda aka kawo daga Rum a ƙarshen ƙarni na 18, gabansa kuma ƙaton kwamin dutse daga wani tsohon gidan wanka na Rum. Ka tsaya nan ka dubi tudun, amma kada ka hau.

Ka bi hanyar ƙasa da ta wuce ta gaban ginin Meridiana ta nufi ɓangaren ƙofar ganuwa ta Porta Romana. Za ka iso Limonaia, dogon ɗakin lemo da Zanobi del Rosso ya gina a ƙarshen shekarun 1770. Sanyin Toskana yana kashe lemo idan aka dasa shi a ƙasa, shi ya sa gidan Medici suka riƙa rainon sa cikin manyan tukwanen yumɓu, irin na garin Impruneta da ba sa tsagewa da ƙanƙara. Ana fitar da su ɗaruruwa idan ɗumi ya shigo, a mayar da su kafin hunturu. Har yau haka ake yi, wasu irin kuma tun na wancan zamanin ne ake ta aurar da su a kan sabon tushe.

Gaba kaɗan sai Isolotto, tafki mai siffar ƙwai da tsibiri a tsakiya, aikin farkon ƙarni na 17. Tukwanen lemo sun yi layi a bakin tsibirin, a tsakiyarsa maɓuɓɓugar Oceano ta masassaƙi Giambologna, ko da yake babban mutum-mutumin kwafi ne, na gaske yana gidan tarihin Bargello. Nan ne wurin hutu mafi kyau a lambun, kuma da sassafe kusan ba kowa.

Yanzu sai hawan. Viottolone doguwar hanya ce miƙaƙƙiya tsakanin layi biyu na dogayen bishiyoyin saifures, mutum-mutumi na farin dutse suna tsaye a mararrabarta. Tana da tsayi fiye da yadda ido ke nunawa daga ƙasa. Dabarar ita ce kada ka bi ta a miƙe har ƙarshe. Akwai ƙananan hanyoyi da ke ratsa ta, inda aka lanƙwasa rassan bishiya suka haɗe a sama suka zama rumfa mai duhu da sanyi, ana kiran su cerchiate. Ka shiga ɗaya ka huta, ka fito ka ci gaba. A gefen ganuwa kuma akwai Fontana dei Mostaccini, doguwar magudanar dutse mai hawa-hawa, kowane mataki da fuskar dodo mai tofar da ruwa. An yi ta ne don tsuntsaye su sauko shan ruwa a kama su da raga.

A sama ka nufi Giardino del Cavaliere, ɗan lambun da ke kan ganuwa. Daga nan ba birnin ake gani ba, bayansa ake gani: gonakin zaitun da gidajen tudu, karkara tsantsa a nisan minti ashirin daga Ponte Vecchio. Mutane da yawa ba sa kaiwa nan, alhali shi ya fi cancantar wahalar. Sai ka sauko kaɗan ta gaban mutum-mutumin Abbondanza zuwa tafkin Neptune na Stoldo Lorenzi, ka leƙa filin kallo da fadar daga sama, ka karkata zuwa Kaffeehaus, ɗan ginin shan gahawa mai launin kore na 1776. Ƙofar fita ta sama, ta Forte Belvedere, tana kusa. Tun da safe ka tambayi mai duba tikiti ko tana buɗe a ranar, domin wani lokaci ana rufe ta. Idan a rufe take, ka sauka ka fita ta Pitti, ka ɗage Bardini zuwa yamma. Duk wannan zagayen yana cin awa biyu da rabi zuwa uku ga mai tafiya a hankali.

Abu ɗaya da ya kamata mai tafiya da iyali ya sani tun daga gida: da yawa daga cikin mutum-mutumin lambun tsirara aka sassaƙa su, har da na wadan fada Morgante da ke zaune a kan kunkuru kusa da kogo. Haka al'adar sassaƙar wancan zamani take, kuma a ko'ina cikin birnin za a gamu da ita.

Bardini, daga sama zuwa ƙasa

Daga ƙofar Belvedere 'yan mintoci ne zuwa Costa San Giorgio lamba 2, ƙofar sama ta Bardini. A kan wannan titin mai gangara, a lamba 19, gidan da Galileo ya taɓa mallaka yake. Lambun kusan hekta huɗu ne. Stefano Bardini, dillalin kayan tarihi, ya saye shi a 1913, daga baya ya koma kango, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2005. Ya fi Boboli furanni, ya fi shi kyan hangen birni, ga ƙarancin jama'a in ban da makonnin glicine.

Daga barandar sama ana ganin kubbar Duomo, babbar majami'ar birnin, da hasumiyar Palazzo Vecchio da majami'ar Santa Croce kusa-kusa. A gefe guda doguwar matakala ta gangara tsakiyar tudun, a ɗaya gefen rumfar glicine ta bi gangaren, furanninta shuɗi mai ratsin ja suna reto a curi-curi a saman kai. A makonnin nan ka zo da an buɗe ko daf da rufewa, tsakar rana masu ɗaukar hoto ke toshe rumfar. Bayan glicine ya wuce, furen ortensia ne ke karɓar wurin a watan Yuni.

Ka sauka ka fita ta ƙofar ƙasa, Via de' Bardi 1r. Wannan harafin "r" yana ɓatar da baƙi. A Fulorans titi ɗaya yana da lambobi iri biyu, jajaye masu harafin "r" na shaguna da wuraren sana'a, baƙaƙe ko shuɗɗa na gidajen zama, kuma ba sa tafiya tare. Wanda ya shiga Bardini ta wannan ƙofar ya zaɓi hawan tudun gaba ɗaya da ƙafa.

Wardi da iris

Ka ci abincin rana a unguwar San Niccolò, ka bari rana ta yi sanyi. Daga nan ka fita ta ƙofar ganuwa ta Porta San Miniato ka kama matakalar da ke hawa. Giardino delle Rose, wato lambun wardi, yana hannun hagu. Wanda ƙafarsa ta gaji ya hau bas 12 ko 13 zuwa dandalin Piazzale Michelangelo ya gangaro cikin lambun daga sama. Giuseppe Poggi ne ya tsara shi a 1865, shekarar da Fulorans ta zama babban birnin Italiya na ɗan lokaci. Shiga kyauta ce, daga safe zuwa faɗuwar rana. Akwai wardi iri ɗaruruwa, da sassaƙen tagulla na Jean-Michel Folon, da ɗan lambun Japan da aka yi a 1998 saboda ƙawancen birnin da Kyoto. Nan ana zama a kan ciyawa.

Lambun iris yana ɗaya gefen dandalin, ta gabas. An kafa shi a 1954, kowace shekara ana gasar sababbin iri da masu raino ke aikowa daga ƙasashe daban-daban, ana dasa su a gindin bishiyoyin zaitun. Wannan furen ne tambarin birnin, ja a kan fari, wanda za ka gani a jikin tuta da murfin kwata. Shi ma kyauta ne, amma yana rufewa kafin magariba, don haka ka fara da shi kafin wardi idan ka makara. A dandalin da kansa, lokacin faɗuwar rana jama'a na cika matakala, nan ne 'yan sane ke aiki. Jaka a gaba, waya ba a aljihun baya ba.

Rana ta biyu

Giardino dei Semplici yana arewacin Duomo, kusa da San Marco, a Via Micheli lamba 3. Cosimo na Ɗaya ya kafa shi a Disamban 1545 don ɗaliban likitanci su san itatuwan magani, bayan na Pisa da Padova. Yau Jami'ar Fulorans ce ke riƙe da shi. A shimfiɗe yake, hekta biyu da 'yan kai, awa ɗaya da rabi ta isa. Ka nemi bishiyar tasso da aka dasa a 1720, da ƙatuwar bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonta, ta 1805. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ka duba ranar hutunsa kafin ka fito.

Wanda lemon Boboli ya burge shi ya tafi Villa di Castello, a arewa maso yammacin gari, da ƙaramin jirgi zuwa tashar Firenze Castello. Nan Tribolo ya fara aiki a 1538, kafin Boboli. Akwai tukwanen lemo kusan 500, cikinsu har da bizzarria, bishiyar da ke haifar 'ya'ya masu haɗa siffar lemo iri biyu a jiki ɗaya, da kogon da aka cika da sassaƙen dabbobi. Villa La Petraia tana nan kusa a kan tudu. Lokutan buɗe waɗannan biyun suna yawan canzawa, ka tabbatar a ranar. Zuwa Castello a hunturu asara ce, lemon duk yana ɗaki.

Filin shaƙatawa na Cascine kuwa wurin 'yan gari ne, hekta 160 a bakin Arno, tsawonsa ya kai kilomita uku da rabi, tiram T1 yana tsayawa a cikinsa. Gonar shanu da dajin farautar Medici ne a da. Nan ake baje abinci, yara su yi gudu, a hau keke. Safiyar Talata akwai babbar kasuwa a gefen kogi, tufafi da takalma da kayan miya a farashin da ya fi na tsakiyar gari sauƙi. A can ƙarshensa akwai kubbar tunawa da Rajaram, matashin sarkin Kolhapur na Indiya da ya rasu a birnin a 1870, aka ƙone gawarsa bisa al'adarsu a inda rafin Mugnone ya haɗu da Arno. Ka bar Cascine kafin duhu, musamman ɓangaren da ke kusa da tashar tiram.

Pratolino, mai ƙaton mutum-mutumin Appennino na Giambologna, yana da nisan kusan kilomita 12 a arewa, kuma yawanci a ƙarshen mako ake buɗe shi daga Afrilu zuwa Oktoba. Sai mai kwana uku ko fiye.

Bas, ruwa, abinci da salla

Tikitin bas da tiram ɗaya ne, yana aiki minti 90, ana sayar da shi ƙasa da yuro biyu a shagunan da ke da allon harafin T da injinan tashar tiram. Saye kaɗai bai isa ba, sai an cusa shi a na'urar cikin mota ta buga lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu a wurin masu bincike, kuma ba sa karɓar uzurin baƙunta. Ruwan famfunan titi ana sha, sai inda aka rubuta "non potabile". A jikin Palazzo Vecchio akwai famfon ruwan sanyi kyauta, ka cika gora a nan kafin ka tsallaka kogi.

Abincin Toskana yana da naman alade da yawa. Ka guji prosciutto, salame, finocchiona, pancetta da lardo, ka kuma tambaya ko an sa strutto, wato kitsen alade, a burodin schiacciata. Shagunan halal sun fi yawa a kewayen babbar tasha da kasuwar San Lorenzo, a tsallaken kogi kuwa ƙalilan ne, don haka mai bin hanyar Boboli ya shirya cin taliya da tumatir, kifi, ko cuku da kayan lambu. Masallacin da Musulmin birnin ke taruwa yana Piazza dei Ciompi, tafiyar kusan minti ashirin daga San Niccolò ta gadar Ponte alle Grazie. Alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5, don haka hutun tsakar rana tsakanin Bardini da lambun wardi shi ne lokacin da ya fi dacewa a tsallaka a yi azahar, a dawo a kama matakala.